Ka Tafi Akwatin Bai Ƙoshi Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, wajen ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Evelio Quiñones Montano, kafintan da duk garin San Luis ya sani, yana da shekara saba'in da takwas. A shagonsa aka same shi zaune a kan benci, ya sa hularsa ta kaba, ya ɗaure igiyar takalmi ɗaya bai kai ga ɗayan ba. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Gidana yake shirin zuwa.

Ina baranda a lokacin, na dafa gahawa ta mutum biyu, har na fara tsaki a raina cewa tsohon nan ya koyi makara. Sai ga 'yarsa Maritza ta shigo layinmu da sauri, da rigar aikinta ta kantin magani a jiki. Ta tsaya a ƙasan matakala ta ce, "Kawu Celestino, kada ka ƙara jiran Baba." Ban tambaye ta komai ba. Na dai tuna na ɗauki kofinsa na mayar ɗakin girki na wanke, ko da yake ba wanda ya sha da shi.

Kompai, aminina Evelio, yau kwana goma sha uku ke nan. Fada ya yi nasa jawabin a coci, maƙwabta sun yi nasu a bakin kabari, ni da na ci abinci da bakina shekara talatin da shida na kasa cewa uffan. Shi ya sa na zauna in rubuta. Kuma da kai zan yi maganar, don ban saba yin zancenka da wasu ba.

Shekara hamsin da ɗaya muka yi tare. Ni ne mai karatu a gidan naɗin taba na garinmu. In hau ɗan dandamali da safe in karanta wa masu naɗi jarida, da rana kuma littafin labari, hannunsu na aiki kunnensu na wajena, in karatu ya yi musu daɗi su bubbuga wuƙaƙensu a kan tebur. Wata rana ƙafar dandamalin ta karye, aka kirawo ka. Ka shige ƙarƙashina da guduma ina tsakiyar labari, na dakata don in ba ka wuri, sai na ji murya daga ƙasa tana cewa, "Kai mai baki, wa ya ce ka tsaya? Ni ma so nake in ji ko za ta yarda da shi." Ɗakin ya kwashe da dariya. Wadda ta fi kowa dariya wata bahaguwa ce a layi na uku, Onelia, wadda na aura bayan shekara biyu.

Kai ka yi mata katakon naɗi da ya dace da hannun hagu, abin da ba wanda ya taɓa tunanin yi mata, ta yi shekara talatin tana aiki a kansa. Kai ka riƙe 'yarmu Yamilé a coci ranar baftisma. Tun daga ranar muka zama kompai, yadda mahaifi da uban baftisma ke kiran juna a nan, ban ƙara jin sunana a bakinka ba sai in za ka yi mini faɗa. Ranar da Yamilé ta tafi Tenerife, can ƙetaren teku, ba dawowa, kai ka raka mu tasha, ka yi ta ba'a da girman jakarta don kada uwarta ta yi kuka a gaban mutane. Ranar da aka binne Onelia kuwa, shekara huɗu ke nan, kana gaba a ɗaukar akwatin gawarta, duk da ciwon kafaɗar da kake ɓoyewa.

Alherinka bai tsaya a kaina ba. Bayan guguwar da ta kwashe rufin rabin garin nan, wata biyu ka yi kana bin gidajen tsofaffi da zarto a kafaɗa, kana mayar da ƙofofi da tagogi. Ka gama, ka sha ruwa, ka wuce. In an tsayar da kai godiya ka ce ana ɓata maka rana. Ba zan mai da kai waliyyi ba don ka mutu. Kai mutum ne mai taurin kai, kana leƙen hannun mutane a wasan domino, in aka kama ka ka ce wuyanka kake miƙewa. Amma ban san wani gida a layinmu da ba aikin hannunka a ciki ba.

Tebur da gado don samun abin sawa a tukunya kake yin su. Abin da kake so shi ne akwatin ajiyar taba. Ka shimfiɗe cikinsa da katakon sedro, ba ƙusa, ba fenti, sai ƙamshin itacen kawai. In ka gama ka yago ɗan guntun jarida ka maƙale a bakin akwatin ka rufe, ka ja. In takardar ta zame, iska za ta shiga ke nan, ka sake aiki. Sannan ka ɗaga murfin ka sake shi. Murfin kirki ba ya buguwa, a hankali yake sauka da ɗan huci.

Kuma kana da doka da kake maimaita wa duk wanda ya ɗauki akwati a shagonka, har mutane suka haddace ta suna kwaikwayon muryarka. Sabon katako ƙishirwa gare shi. Wanda ya zuba masa taba ranar da ya kai shi gida, katakon zai tsotse danshin da ke jikinta tas, rigar karan, wato ganyen da ke lulluɓe da shi, ta tsattsage. Sai an sa ɗan faranti na ruwa a ciki, a rufe, a bar katakon ya sha ta iska a hankali har sati biyu. Ba ruwan famfo ba, ruwan sama da kake tarawa a ƙatuwar kwalba tun watan Oktoba, ka tafasa ka tace. Kuma ba a shafa wa katakon ruwa da hannu, komai gaggawar mutum. Na ji wannan doka ta fi sau ɗari, har nakan taya ka faɗa wa baƙi.

Lokacin da ciwo ya kama Onelia, ta daina fita, sai ta sa na ɗauko mata katakonta na naɗi na ɗora a teburin cin abinci. Ta riƙa naɗa karan taba ɗaya, wata rana biyu, gwargwadon yadda hannu ya yarda. Da suka cika arba'in ta ɗaure su da zare ta miƙo mini. Bayan sati shida ta rasu. Ban sha ko ɗaya ba. Na zuba su a tsohon akwatin da ka ba mu ranar aurenmu, kullum in buɗe in duba in rufe. Su ne abu na ƙarshe da hannunta ya yi a duniya, kuma muddin suna nan, ina ganin kamar aikin nata bai ƙare ba.

Guguwar nan ta ɗauke rufin ɗakinmu, ruwa ya shiga akwatin ya lalata shi, ya tafi da kara bakwai. Sauran na juye su a gwangwanin biskit da ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe. Da ka gama da ƙofofin mutane ka yi mini sabon akwati, ka kawo da kwalbar ruwanka, ka karanta mini dokar kamar ban taɓa jin ta ba.

A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Kwana biyu da kawo akwatin na ga funfuna ta fara fitowa a bakin gwangwanin, tsoro ya kama ni. Na ce a raina, ai ruwa yake so, bari in ba shi ya sha a wuce wurin. Na jiƙa tsumma a famfo na goge cikinsa sarai, na bar shi ya sha iska zuwa yamma, na zuba kara goma. Kafin sati murfin ya karkace, iska na shiga ta gefe. Katakon da na ɗauka ya ƙoshi ashe fuskarsa ce kawai ta jiƙe, cikinsa na nan da ƙishirwarsa. Ya shanye su. Kara goma na Onelia suka tsattsage, in ka taɓa su sai su yi gari a yatsa.

Na tura akwatin ƙarƙashin gado. Wata biyar na yi ina kauce wa shagonka, in zagaya ta bayan kasuwa don kada mu haɗu, in an kira ni domino in ce gwiwa. Rannan sai ga ka, ko sallama ba ka yi ba, ka wuce ɗaki ka durƙusa ka jawo shi. Ka shafa murfin da babban yatsa.

"Celestino," ka ce. Da na ji sunana na san ta ƙare. "Tsumma ka sa masa?"

"Ɗan shafawa kawai na yi."

"Ruwan famfo?"

Na gyaɗa kai.

"Guda nawa?"

"Goma."

Ka zauna a bakin gadon ka cire hula. Na yi zaton zagi zai biyo baya, na ma fi son zagin. Sai ka ce, "Shekara talatin da shida kana karanta wa jama'a littafi, magana ɗaya tawa ta gagare ka." Ka sa akwatin a hammata ka fita. Ba ka ƙara tayar da zancen ba, a gabana ko a bayan idona, kuma ranar Alhamis ka aiko a ce mini in gwiwar ta warke ana jirana a domino.

Ban san ka fara wani ba. Matarka Hortensia ce ta gaya mini bayan jana'iza cewa ka sauko da katakon sedro da ka ajiye a saman shago shekara ashirin kana hana kowa. Idonka ya yi yana, hannu ya fara rawa, aikin da da kake gamawa cikin kwana goma ya ci maka wata huɗu. Ta ce sau uku kana kwance murfin kana sakewa saboda takardar jarida ta zame.

Ranar Litinin, uku ga wata, ka kawo shi a bayan keke, naɗe cikin tsohuwar rigarka. Ka ɗora a kan teburin da Onelia ta yi naɗinta, ka zuba ruwan da kanka, ka rufe.

"Wannan karon kai ba ka taɓa shi," ka ce. "Ko ƙura ka gani a kai, bar ta, ba ta cizo. Duk kwana uku zan zo. Ni zan ce ya ƙoshi."

A rana ta uku ka zo. Ka ɗaga murfin na ɗan numfashi uku, ka shimfiɗa tafin hannu a cikin, ka sunkuya ka shinshina, ka dubi farantin, ka rufe. Ka ce, "Yana sha." A rana ta shida, Asabar, ka sake yin haka, ka ce, "Yana sha da kyau. Ya fi mai shi jin magana." Muka fita baranda da gahawa. A nan ka ce a rana ta sha huɗu za a cire farantin, a sa kara ɗaya na gwaji ya yi sati a ciki, sannan a kunna a sha a gani. In ya yi ƙaras-ƙaras, katako bai ƙoshi ba. In ya yi laushi yana mutuwa a baki, ruwa ya yi yawa.

Na ce, "To, zan karɓo guda wajen masu naɗi."

"Wane karɓowa? Sabon naɗi da danshinsa yake zuwa, ƙarya zai yi maka. Cikin na Onelia za a ɗauka. Ai su za su zauna a ciki."

"Ba a taɓa na Onelia."

"Ba a taɓa su? Guguwa ta taɓa bakwai, kai ka taɓa goma da tsumma, funfuna na bakin layi tana jira. Kowa ya samu rabonsa sai wanda aka naɗa wa. Haba kompai, miji ta aura ko mai gadi?"

Raina ya ɓaci, don ka taɓo inda ke ciwo. Na ce, "Kai taka matar tana gida tana dafa maka wake. Me ka sani?"

Ka shanye gahawarka, ka tashi, ka sa hula. Sai da ka kai ƙasan matakala ka juyo ka ce, "Talata zan dawo. Ka rage sukari, gahawarka kamar ta yara." Ban raka ka ba, ban ma ɗago kai ba. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma ranar Talatar na rage sukarin.

Ka tafi a rana ta tara, ka bar ni da akwati yana shan ruwa a kan tebur, da kara ashirin da uku a gwangwani. Garin nan cike yake da masu sanin ganye, amma mai sanin katako kai kaɗai ka rage. Yamilé ta ce a waya za ta aiko mini da wani ɗan agogo mai auna danshi, zai iso nan da wata biyu in an sami mai zuwa. Taba ba za ta jira wata biyu ba. Iskar arewa ta busar da komai a gidan, in na ƙara wa ƙyallen ruwa funfuna ta taso, in na rage su fara ƙara a kunne. Na san in na sake kuskure, ba wani kafinta da zai sake sauko da katako domina, kuma ba wata Onelia da za ta sake naɗi.

A rana ta sha biyu na karya dokarka na buɗe. Na shimfiɗa tafin hannu yadda kake yi, na shinshina, na jira in ji abin da kake ji. Katako kawai na ji. Na ƙara ruwa daga kwalbarka na rufe, na zauna ina kallonsa. Ban taɓa sanin gidan nan yana da shiru haka ba. Da Onelia ta tafi, akwai wanda zai taka matakala ya kira ni mai baki. Yanzu in an taka matakalar, mai duba mitar wuta ne.

Ranar Lahadi, rana ta sha huɗu, na cire farantin. Na daɗe tsaye a kan gwangwanin. Sau biyu ina sa hula don in je in karɓo sabon naɗi, ina cirewa, don na san ƙarya zai yi mini, kuma ƙaryar za ta ci ashirin da uku gaba ɗaya. A ƙarshe na zaɓi wanda ya fi gajarta, daga na kwanakin da hannunta ya gaji, na kwantar da shi shi kaɗai a tsakiyar akwatin na rufe. Sati guda ban taɓa murfin ba. Ƙura ta sauka a kai na bar ta.

Jiya Lahadi, bayan na ci abincin rana, na buɗe. Na mirgina karan a tsakanin yatsu kusa da kunne, bai yi ƙara ba. Na ɗan danna, ya yarda kaɗan ya dawo. Rigarsa ta yi sheƙi kamar ranar da aka ɗaure shi. Na fita baranda, na yanke kan, na kunna da tsinken sedro.

Zuƙar farko ta ƙi zuwa da sauƙi, sai ta biyu ta buɗe. A nan na tuna. Onelia takan matse naɗinta kaɗan wajen kai, halin hannun hagunta ne, masu duba aiki sun yi ta fama da ita a kan haka shekara da shekaru ba ta bari ba. Shekara huɗu ina buɗe murfi ina kallon karan nan, na manta da wannan sarai, don ba abu ba ne da ido ke gani. Sai da na sha na same ta. Tokar ta fito fara, ta riƙe har tsawon gaɓar yatsa biyu, wutar ta tafi daidai ba ta ci gefe ba, bai mutu a bakina ba ko sau ɗaya. Na yi kuka sosai, ban ɓoye wa masu wucewa ba.

Akwatinka ya ƙoshi, kompai. Aikinka na ƙarshe ba shi da aibi. Kuma ga abin da ban taɓa faɗa maka ba cikin shekara hamsin da ɗaya, ko a domino ko a siyasa: ka fi ni gaskiya. Na so ƙwarai in faɗa maka a baranda, ka ce sai na maimaita don kunnenka ya yi nauyi.

Na juye sauran ashirin da biyun a ciki, na jera su, na saki murfin ya sauka da hucinsa. Yanzu ba abin da zai same su, za su iya shekara goma a haka. Amma ba za su yi ba. Na yanke zan riƙa ɗaukar ɗaya duk Lahadi bayan abincin rana, tunda jiya Lahadi ce. Na duba kalanda, za su kai ni ƙarshen watan Yuli.

Hortensia, ki yi haƙuri, ki kuma yafe mini maganar da na yi a kanki ranar Asabar ɗin nan. Na ce wa mijinki bai san zaman gida babu kowa ba. Yanzu ke kin sani, kuma da na iya, da na hana ki sani. Maritza, ke da 'ya'yanki, da dangin Quiñones na nan da na Pinar del Río, da duk wanda ke rufe ƙofar da Evelio ya kafa masa, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ubangiji ya jiƙanka, Evelio. Ya gafarta maka kurakuranka, ya dubi ƙofofin da ka mayar wa tsofaffi, ya buɗe maka tasa. Ya ba ka hutawa, ya haskaka makwancinka, ya sada ka da waɗanda suka riga mu. Ya ba Hortensia juriya, ya raya zuriyarka cikin alheri. Ni kuma ya ba ni ƙarfin zama a barandar nan ranar Lahadi ta ashirin da uku daga yau, lokacin da ba sauran kara a akwatin. Amin.

Celestino Urra Valdés
San Luis